Zuwa ga ƙanena mai niyyar karatun injiniyan gine-gine a Kumasi

Assalamu alaikum. Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma na fahimci cewa ka kammala sakandare a Katsina, kana son ka zo Kumasi ta ƙasar Gana ka karanci injiniyan gine-gine, kana kuma tambaya ko takardar WAEC ɗinka za ta karɓu, da ko zaman zai yi maka sauƙi tunda ka ji ana Hausa a Zango. Zan amsa maka bisa abin da na gani da idona, domin a nan na yi nawa karatun, a nan kuma nake aiki.

Makarantar da kake nufi ita ce Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, wadda aka fi sani da KNUST, mutanen gari kuwa Tek kawai suke ce mata. Ta fara ne a 1952 a matsayin kwalejin fasaha ta Kumasi, ta zama cikakkiyar jami'a a 1961, kuma sashen injiniyan gine-gine yana ƙarƙashin kwalejinta ta injiniya. Digirin shekara 4 ne, saɓanin Najeriya inda ake yin 5. Takardar WAEC tana karɓuwa, tunda Gana da Najeriya hukumar jarrabawa ɗaya suke tarayya a cikinta, amma ina so ka tsaya ka dubi sakamakonka da kyau. Ɗaliban Gana da za ka zauna aji ɗaya da su sun yi darasin lissafi mai zurfi tun a sakandare, irin wanda ake kira Further Maths a Najeriya, tare da fiziks da kemistiri. Idan ba ka yi shi ba, ko ka yi shi sama-sama, to ka nemi malami tun yanzu ka zauna a gabansa, domin shekarar farko ba ta jiran kowa. Ana tara makin ɗalibi ne tun daga zangon farko har na ƙarshe a fitar da matsakaici, kuma sai ya kai 70 cikin 100 ake samun daraja ta ɗaya, saboda haka wanda ya yi sake a farko yakan daɗe yana biyan bashin.

Abin da na fi so ka gane shi ne cewa wannan fanni a ƙasa yake, ba a takarda kaɗai ba. Za ka karanci ƙarfin kayan gini, da halayen ƙasa, da tafiyar ruwa, da awon fili, da tsara hanyoyi, amma duk wannan bai zauna mini a kai ba sai ranar da aka kai mu ɗakin gwaji. Mun kwaɓa kankare da hannunmu, mun zuba shi a ƙananan akwatunan ƙarfe masu faɗin milimita 150, muka jiƙa su cikin ruwa, bayan kwana 28 aka ɗora su a injin matsi. Na rukuninmu ya tarwatse tun kafin allurar ma'aunin injin ta kai inda muka lissafa, dalilin kuwa shi ne ɗayanmu ya ƙara ruwa don kwaɓin ya yi laushi. Malamin bai yi faɗa ba, sai ya ɗauki ɓaraguzan ya damƙa mana, ya ce mu ɗauka pilar gidan mutane ce. Har yau idan na ga lebura ya nufi injin kwaɓi da bokitin ruwa a hannu, wannan ranar nake tunawa, kuma nakan tsayar da shi ko da zai ji haushina.

Ƙasar nan ma da kanta malama ce. Kumasi tana da damina biyu a shekara, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma garin tudu da kwari ne, ga jar ƙasa da marmara. Wanda ya ga yadda rafin Aboabo yake cika ya shiga gidajen 'yan'uwanmu ba zai sake raina lissafin kwalbati da magudanar ruwa ba. A Akara kuwa dole mai tsara gini ya sa girgizar ƙasa a lissafinsa, domin ta taɓa yi wa birnin ɓarna a 1939. Ga madatsar ruwa ta Akosombo da aka kammala a 1965, ga gadar Adomi a kan kogin Volta, duk wuraren da ɗalibi zai je ya gani ne. Sai dai ka riƙe cewa idan ka koma gida, rairayi da zafin rana da ƙarancin ruwa za ka tarar, don haka ka nemi wani hutun ka yi aikin koyo a wani gini a Arewa. Sa'ar da aka yi ita ce ƙasashen biyu duk ƙa'idojin gini na Ingila suka gada.

Batun kuɗi kuwa, ɗalibin da ba ɗan ƙasa ba da dala ake yanka masa kuɗin makaranta, kuma kai ma ka san yadda naira take. Ka zauna da Baba ku lissafa na shekara huɗu cif, har da ɗakin kwana a unguwannin da ke kewaye da jami'ar, Ayeduase ko Kotei ko Bomso, domin na ga yara masu hazaƙa sun tattara sun koma a shekara ta uku, abin da har yanzu yake yi mini ciwo. Shigowa da fasfon ECOWAS ba ya buƙatar biza har kwana 90, amma ɗalibi sai ya nemi izinin zama daga hukumar shige da fice, da katin shaida na baƙi. Bayan kammalawa kuma sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardarka kafin bautar ƙasa, daga baya ka nemi rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya, wadda ita ce ke ba ka damar amsa sunan injiniya a Najeriya.

Hausa za ta yi maka amfani a Asawase da Aboabo da Zangon Ayigya da ke kusa da jami'a, inda za ka sami masallaci da koko da ƙosai da mutanen da za su riƙe ka kamar nasu, ko da yake Hausarsu za ta ɗan ba ka mamaki a kwanakin farko. Amma a aji Turanci ne, a wurin gini kuma yawancin magina da kafintoci harshen Tuwi suke yi, kuma injiniyan da ba ya iya gaya wa mai ɗaure rodi abin da yake so da harshen da zai ji, aikinsa yana hannun tafinta. Ka fara koyonsa tun makon farko.

Ka turo mini hoton sakamakonka in duba darussan ɗaya bayan ɗaya kafin ka biya kuɗin fom, kuma kada ka ba wani dillali ko sisi, domin ta shafin jami'ar kai tsaye ake nema. Ka gaishe mini da Baba da Inna.