Tambaya da Amsa: Digirin Tsaron Intanet Ko Na Kimiyyar Kwamfuta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na kammala sakandare, kuma burina shi ne in yi aikin kare kwamfutoci daga masu kutse. Yayana ya ce in fara karanta kimiyyar kwamfuta, abokaina kuwa sun ce digirin tsaron intanet ne hanya mafi kusa. Wanne zan zaɓa, kuma da gaske ne sai wanda ya ƙware a lissafi? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Duka hanyoyin biyu suna kai mutum ga wannan aiki, amma shawarar yayanka tana da tushe, domin babu mai iya tsare abin da bai san yadda aka gina shi ba. Saboda haka kada sunan kwas ya ɗauke maka hankali. Ka nemi jerin darussan da jami'ar ke koyarwa daga shekarar farko zuwa ta ƙarshe, ka karanta shi a tsanake. Idan ka ga rubuta manhaja da harsuna irin su Python da C, da yadda Linux da Windows ke tafiyar da kwamfuta, da ƙa'idojin TCP/IP waɗanda intanet ke aiki a kansu, da rumbun adana bayanai, sannan akwai ɗakin gwaji inda ɗalibai ke kai hari suna kuma karewa a kan kwamfutocin da aka ware don haka, to wannan digirin tsaro ne na ƙwarai. Idan kuwa yawancinsa bayanin allo ne da haddar ma'anoni, ni dai zan fi son ka ɗauki kimiyyar kwamfuta, ka zaɓi darussan tsaro a shekarun ƙarshe.

Abin da ya faru a watan Mayu na 2017 ya isa hujja. Wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle bayanan kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150 tana neman kuɗin fansa, har asibitocin gwamnatin Birtaniya suka soke ganin marasa lafiya da dama. Ta shiga ne ta wata ɓaraka a tsarin musayar fayil na Windows, alhali kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran tun watan Maris. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma gano tsagar tun kafin ɓarna aikin wanda ya san ginin ciki da waje ne.

Game da lissafi, kada ka firgita, amma kada ka guje shi. Ilimin sirranta saƙo a kan lissafi ya dogara: tsarin RSA, wanda Rivest da Shamir da Adleman suka fito da shi a jami'ar MIT ta Amurka a 1977, ƙarfinsa yana cikin wahalar gano lambobi biyu da aka ninka aka sami wata ƙatuwar lamba. Sai dai yawancin masu aikin sa ido a kan hanyoyin sadarwa da binciken kutse sun fi bukatar tunani mai tsari da haƙurin bin diddigi.

Ka sani kuma masu ɗaukar aiki suna duba abin da hannunka ya iya. Tun kana aji ɗaya ka saba da manhajojin binciken hanyoyin sadarwa irin su Wireshark da Nmap, ka riƙa shiga gasar kutse ta ɗalibai, ka nemi wurin koyon aiki lokacin hutu. Takardar shaidar Security+ ta dace da mai farawa, CISSP kuwa sai an shekara 5 ana aikin.

Abin da ya fi damuna da matasa masu ɗokin wannan fanni shi ne gwada ilimi a kan na'urar wani. Shiga kwamfuta ko shafin da ba naka ba, ba tare da izinin mai shi ba, laifi ne a dokokin yawancin ƙasashe, ko da niyyarka taimako ce, kuma wanda aka taɓa kamawa da shi da wuya banki ko hukuma su amince masa da bayanansu. Duk gwajin da za ka yi, ka yi shi a kan kwamfutarka ko a ɗakin gwajin makaranta, ko kuma da izini a rubuce.