Na'urar ji tana tsuwwa, masu saye suna dawo da kaya: ina mafita?

Wani mai kemis daga wani ƙauye kusa da Gumel ya aiko da tambaya. Ya ce ya saro na'urorin ji masu araha daga Kano, tsofaffi suka yi ta saye ranar kasuwa, amma ba a jima ba suka fara dawo da su, wai tsuwwa ta hana su sakat. Yana so ya ƙara jari ya saro masu ƙarfin lasifika, ko za a dace.

Malam, Allah ya ƙara buɗi. Amma ka dakata da wannan sarin, don ƙarfi ba zai kashe tsuwwa ba, ƙara ta zai yi.

Ka san yadda lasifikar masallaci ke ƙara idan ladan ya matso da makirufo kusa da ita? Abin da ke faruwa ke nan a kunnen mai sayenka. Na'urar na ɗaukar sauti, ta ƙara masa ƙarfi, 'yar lasifikarta ta tura shi cikin kunne. Idan robar bakin ba ta toshe kunnen da kyau ba, sautin sai ya sulale waje, ya koma makirufo, a sake ƙara shi, har ya zama tsuwwa. Lasifika mai ƙarfi a kan roba sakwaf kuwa ta fi kowace yin haka. Dauɗar kunne ma na jawo shi, domin sauti na dukanta ya dawo. Haka bututun roba da zafi ya busar har ya tsage.

Yanzu mu yi lissafi. A ce ka saro guda 10 a kan naira 10,000 kowace, kana sayarwa 12,000. Idan biyu kacal suka dawo, kuma ba mai sayen abin da ya shiga kunnen wani, abin da ke hannunka 96,000 ne, alhali ka zuba 100,000. Ka taɓa uwar kuɗi ke nan. Wannan ma da sauƙi a kan zubewar suna, domin a ƙauye dattijo ɗaya ya ce kayanka ba su da kyau a majalisa, har masu sayen maganin zazzaɓi sai ka ga sun ragu.

Maganin tsuwwa ga wanda jinsa ya yi rauni sosai shi ne toshiya da aka ƙera daidai da kunnensa. Ana zuba wani abu mai laushi a kunnen, ya daskare, a ciro siffar, a ƙera toshiyar a kanta. Mai taushi ta silikon ta fi kama kunne, ita ake yi wa yara da masu buƙatar sauti mai ƙarfi. Ana kuma huda mata 'yar ƙofar iska, kuma girman ƙofar ma da ƙa'ida: ta yi faɗi, tsuwwa ta dawo; ta toshe, mutum ya riƙa jin muryarsa tana masa gum a ka. Ina roƙonka kada ka gwada ɗaukar wannan awo a shago. Sai an leƙa kunnen da fitilar likita, an sa toshiyar kariya a ciki. Mutanenmu da yawa dodon kunnensu a huje yake saboda tsohon ciwon kunne mai zubar da ruwa, in abin da ake zubawar ya zarce ciki sai tiyata.

To ina ribarka? Tana cikin abin da mai na'ura ke buƙata kullum. Ka tura mutane a auna jinsu a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, a zaɓa musu lasifikar da ta dace da raunin jinsu. In sun tambaye ka, ka ce su nemi irin wadda ake rataya a bayan kunne mai bututu. Wadda lasifikarta ke zama cikin ramin kunne ta fi kyan gani, amma dauɗa da gumi da ƙurar hunturu na saurin toshe ta, gyaranta kuma sai birni.

Kai kuma ka ajiye batir. Lamba huɗu ne, kowace da launinta: 10 ruwan ɗorawa, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Na'urorin bayan kunne galibi 13 da 675 suke ci, sai ka fara da su. Ka duba ranar lalacewa kafin ka biya, ka ajiye su nesa da rana, kuma kada a ɓare takardar bayan batir sai za a saka, don iska na shiga ya fara aiki. Ka haɗa da bututun canji, da 'yan burushin gogewa, da gwangwanin busar da na'ura don damina. Jarin kaɗan ne, ba ya kai na sarin da ka yi niyya, kuma wanda ya saba samun batir a wurinka ba zai biya kuɗin mota zuwa Kano saboda shi ba.

Ka buɗe littafi, ka rubuta sunan kowa da lambar batirinsa da ranar da ya saya, ta haka za ka san yawan da za ka saro. Iyayen yara kuwa ka riƙa tuna musu cewa kunnen yaro girma yake, toshiyar da ta zauna daram bana za ta iya yin sakwaf kafin baɗi. Suka ji tsuwwa ta fara, su koma asibiti a sake awo, kada su rage sautin na'urar su bar yaron ba ya jin malaminsa.