Hukuncin cire kalmar sirrin BIOS daga tsohuwar kwamfuta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni mai gyaran kwamfuta ne a Tudun Wada, Kaduna. Ana yawan kawo mini kwamfutocin gwanjo da aka sayo a Legas ko a kasuwar Sheikh Gumi, da an kunna sai su nemi kalmar sirri tun kafin Windows ya tashi. Na iya cirewa, amma akasarin masu kawowa ba su da rasit. Kuɗin wannan aiki halal ne? In kuma na cire, wani abu ya lalace, wa zai biya?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Cire kalmar sirri aiki ne kamar na mai yanka makulli: halal ne ga mai gida, haram ne ga ɓarawo. Asali kuma shi ne duk wanda kaya ke hannunsa nasa ne, sai an sami abin da ya nuna akasin haka. Bukhari ya ruwaito daga A'isha (RA) cewa an tambayi Manzon Allah (SAW) game da naman da ake kawowa ba a san ko an ambaci sunan Allah a kansa ba, sai ya umarce su da su ambata su ci. Wato ba a kallafa wa Musulmi tonon silili a kan kowane ciniki ba. Rashin rasit kaɗai ba ya haramta maka aikin, domin da yawa daga cikin waɗannan kwamfutoci kamfanonin Turai da Amurka ne suka gama da su suka sayar a dunƙule, da makullin da ma'aikatansu suka manta ba su cire ba.

Amma in alama ta bayyana, hukunci ya juya. Lambar kayan wata ma'aikata ko makaranta a jikinta, farashin da bai kai rabin na kasuwa ba, mai kawowa bai san abin da ke ciki ba kuma yana gaggawa, allon kwamfutar ya buɗe da hoton wasu iyali da bai san su ba: nan sai ka janye hannu. Allah ya ce kada a taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka (Ma'ida, aya ta 2), kuma shari'a na aiki da alamu, kamar yadda aka yi da rigar Annabi Yusuf (AS). Wanda ya ce tsintar ta ya yi, cigiya ce a kansa har shekara, ba buɗewa ba.

Makullan kuma ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan ne amsar tambayarka ta biyu take.

A tsohuwar kwamfutar tebur, saitin BIOS (manhajar da ke fara tashi kafin Windows), har da kalmar sirrin, na zaune ne a wata 'yar ma'ajiya da batir CR2032 mai bol 3 ke riƙe da ita. A zare wayar wuta daga soket, a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 15 don ragowar wuta ta fita, a cire batirin na minti 5 zuwa 10, a mayar. Ko a nemi jamfa, wato 'yan ƙafafun ƙarfe uku masu ƙaramin murfi, a kan bod (babban farantin da ke cikin kwamfuta), wadda aka rubuta CLR_CMOS ko JBAT1 kusa da ita, a matsar da murfinta daga ƙafa ta 1 da 2 zuwa ta 2 da 3 na daƙiƙa 10, sannan a mayar kafin a sa wuta. Kwamfutocin ofis irin Dell OptiPlex da na HP sun bambanta: cire batir ba ya goge kalmar. Suna da jamfa ta daban mai rubutun PSWD, a cire ta, a kunna kwamfutar ta tashi, a kashe, a mayar da ita.

Wannan duk ya halatta, sai dai cire batir ko matsar da jamfar CLR_CMOS yana mayar da komai kan saitin masana'anta. Agogo zai koma baya, shafukan intanet su riƙa ƙin buɗewa har sai an gyara kwanan wata. Mafi muni, in saitin SATA, wato yadda kwamfuta ke magana da faifan ajiya, ya sauya tsakanin AHCI da IDE ko RAID, Windows zai tsaya da shuɗin allo mai lamba 7B, mai kaya ya ɗauka ka kashe masa kwamfuta, alhali mayar da saiti ɗaya ne maganin. In ana iya ganin shafukan BIOS, ɗauke su a hoto kafin ka taɓa komai. Ka kuma tambaya ko akwai BitLocker, makullin da Windows ke sa wa bayanan faifai, domin sauyin saiti na iya sa ya nemi mabuɗi mai lamba 48, in babu shi bayanan sun kulle.

Laftof kuwa wani abu ne daban. A yawancinsu kalmar na cikin wani guntu da ba ruwansa da batir. Laftof ƙirar ThinkPad mai kalmar sufabaiza (kalmar da ke kulle saitin BIOS), in tana tashi lafiya sai ka cire mata batirin agogo, za ta yi kuskuren kwanan wata ta nemi wannan kalmar da ba wanda ya sani, kwamfutar da ke aiki jiya ta zama mara amfani. Hanyar da kamfanin da ya ƙera ta ya sani ita ce canza bod gaba ɗaya. Dell kan ba da kalmar buɗewa bisa lambar da ke ƙasan laftof ɗin, amma sai an nuna shaidar mallaka. Ka ga har masu ƙerawa sun ɗaura buɗewa a kan mallaka, ba a kan iyawa ba.

Makulli na uku shi ne na faifan ajiya kansa. Yana cikin faifan, ko an kai shi wata kwamfuta yana nan. A kayan gwanjo, abin da ke bayansa sirrin mai shi na farko ne, kuma sayen ƙarfe bai mallaka wa mai saye hotuna da takardun wani ba. Allah ya hana bin diddigin sirrin mutane (Hujurat, aya ta 12). A sa sabon faifai, ko a goge tsohon ba tare da an leƙa ba.

Game da biya, mazhabarmu ta Malikiyya ta tsananta wa masu sana'a. Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa masu sana'a na lamunin abin da aka bar musu a bayan idon mai shi, da lada suka yi aikin ko kyauta. Saboda haka in an bar maka ita ta kwana a shago, ka lanƙwashe ƙafar jamfa ko ka ƙone bod don ka manta waya a soket, biya na kanka. Haka in ka cire batirin ThinkPad ba ka san halinta ba, domin hadisin Abu Dawud ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, kuma dalilin hukuncin ɗaya ne. Amma in ka bayyana masa haɗarin tun farko, ya ce a yi, ka kuma bi ƙa'idar sana'a ba sakaci, abin da ya biyo bayan aikin ba ya kanka.

Ladan aiki a yanke shi kafin a fara. Ya halatta ku yi sharaɗin ba biya sai ta buɗe, wannan shi ne ji'ala, amma kada ka karɓi kuɗi da alkawarin buɗe abin da ka san sai an canza bod. Ka kuma ajiye littafi a shago: sunan mai kawowa, lambar wayarsa, lambar jikin kwamfutar da ranar da aka kawo. Wanda ya ƙi a rubuta sunansa, miƙa masa kayansa a rufe.

Wallahu a'alam.