Ɗan farina bai iya karatu ba, ƙaninsa ya wuce shi: ganganci ne ko asiri?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni uwa ce daga Zariya. Ɗan farina yana da shekara 10, yana aji huɗu na firamare, amma har yau idan ya ɗauki littafi sai ya riƙa in'ina yana rikita haruffa, kuma abin da aka koya masa da daddare kafin safiya ya ɓace. Ƙaninsa mai shekara 7 shi ke karanta masa aikin gida. Babansu ya ce ganganci ne, kusan kullum sai ya zane shi. Kakarsu ta ce asiri aka yi masa, har ta sayo masa maganin basira. Yanzu ya koma fitsarin kwance, da safe kuma sai ya ce cikinsa na ciwo. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, shi ke gyara mana tocila da rediyo, kuma ba a cutarsa a canji. Hankalina a tashe yake, me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne fitsarin kwancen da ya dawo da ciwon cikin safe. Yaron da ya daina fitsarin kwance sannan ya koma, sau da yawa tsoro ne ya yi masa yawa, ko da yake dole a duba fitsarinsa a asibiti saboda ciwon mafitsara da ciwon sukari su ma suna kawo haka. Idan kun je, a gwada idonsa da kunnensa, a auna jininsa, a kuma tabbatar da rukunin jininsa game da sikila. Yaron da kunnensa ya taɓa zubar da mugunya yana ƙarami zai iya zama a bayan aji shekara uku yana jin rabin maganar malami ba tare da kowa ya lura ba. Idan duk waɗannan suka fito lafiya, abin da kika siffanta ya yi kama da disleksiya, wato matsalar da ke sa yaro mai basira ya sha wahala wajen koyon karatu, kuma ana buƙatar masanin koyon yara ya zauna da shi kafin a tabbatar.

Akwai wata fahimta da nake cin karo da ita kusan kowace rana, wadda kuma ta fi kowace cuta da na lissafa ɓata yara. Iyaye suna cewa ciki ɗaya ya haife su, nono ɗaya suka sha, makaranta ɗaya suke zuwa, don haka dole kansu ya zama ɗaya. Da zarar an yarda da wannan, bayani biyu kawai suka rage ga yaron da ya bambanta: ko dai da gangan yake yi, sai a ɗauko bulala, ko kuwa an yi masa wani abu, sai a nufi mai magani. A gidanku an bi hanyoyin nan biyu a lokaci guda, kuma tushensu duka kuskure ne.

'Yan ciki ɗaya ba su taɓa zama ɗaya ba, tun daga rarrafe. A binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 kan yara masu ƙoshin lafiya a ƙasashe biyar, ciki har da Gana, an ga wani yaro yana fara tafiya shi kaɗai yana da wata 8, wani kuma sai ya kusa wata 18, kuma dukansu lafiyarsu ƙalau. Babu uwar da ke dukan jariri don ɗan maƙwabta ya riga shi tafiya, amma da an kai ga allo da littafi sai mu manta. Matsalar ɗanki ma ba sabuwa ba ce. Tun a 1896 wani likita a Ingila mai suna Pringle Morgan ya rubuta labarin yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira, wanda lissafi bai gagare shi ba amma karatu ya gagare shi. Ƙwaƙwalwar irin wannan yaro tana wahala wajen haɗa harafi da sautinsa, kuma wannan bai shafi wayonsa ba. Hannun da ya buɗe rediyo ya gano wayar da ta tsinke ba hannun daƙiƙi ba ne.

Masu duka suna kafa hujja da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na ga abin da wannan tanƙwarawar ke haifarwa. Ana kawo mini yaro, in miƙa masa littafi, sai in ga ya ɗaga kafaɗa ya kare kansa da hannu tun kafin in ce komai, idonsa na kan hannuna maimakon kan shafin. Yaron da ke jiran saukar bulala ba ya iya riƙe harafi a kansa, don haka kowane duka yana ƙara jinkirta abin da ake dukansa dominsa. Ga kuma ɓarnar da ake yi tsakaninsa da ƙaninsa: duk ranar da aka ce masa "dubi ƙaninka", ana shuka gabar da za ta iya bin su har girma.

Masu sayar da maganin basira a tashoshin mota da Facebook kuwa, haƙurina ya ƙare a kansu. Kwalba ce ba takardar abin da ke ciki, ba ma'auni, ba lambar NAFDAC, kuma mai ita bai taɓa ganin yaron ba. Babu ruwan da ake sha ya koya wa mutum bambancin "b" da "d". Ki daina ba shi, kuma idan za ku asibiti ki tafi da kwalbar likita ya gani. Addu'a kam ku yawaita ta, ba ta hana neman magani na gaskiya. Makarantu ma suna da nasu laifin, domin abin da da yawa suka iya shi ne su rubuta na nawa yaro ya zo a aji, su sa shi maimaita shekara da irin koyarwar da ta riga ta gaza, sannan su karɓi kuɗin zango.

A gida, ki ware minti 15 kullum, ke da shi kaɗai, ba a gaban ƙaninsa ba. Ku fara da sautin haruffa cikin Hausa, saboda rubutunta yana bin furuci fiye da na Turanci. Ya rubuta harafin da yatsa a kan yashi yana faɗin sautinsa, kuma kada ku wuce zuwa sabo sai na jiya ya zauna. Aikin gida ke za ki karanta masa, ba ƙaninsa ba.

Na san kunyar ɗan fari da al'ada ta ɗora miki, wadda ke sa uwa ta kawar da kai ko ana dukansa a gabanta. Hajiya, wannan ba wurin kawaici ba ne, domin yaron ba shi da mai tsaya masa in ba ke ba. Ki samu babansu a keɓe, cikin ladabi, ki tuna masa cewa Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara 10 tun yana yaro, kuma Annabi bai taɓa ce masa ko "tir" ba. Ki roƙe shi ya ajiye bulalar, kuma ranar zuwa asibiti shi da kansa ya riƙe hannun ɗansa ku tafi tare.