Lasisin dillancin gidaje a Amurka: amsa ga ƙanena na Jos

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka samu gurbin digiri na biyu, kuma an gaya maka da zarar ka sauka Amurka ka nemi lasisin dillancin gidaje, sai ka riƙa saya wa kanka gidaje babu biyan la'ada, kana zuba 'yan haya. Allah Ya sa wa karatun albarka. Amma maganar lasisin nan, ba ta kwanta mini ba.

Sayen gidan kanka ba ya buƙatar lasisi, ko da kai baƙo ne. Lasisi na wanda zai shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa ne ya ci la'ada. Kuma nan ba kamar gida ba ne, inda mutum zai zauna a majalisar Gangare da wayarsa da sanin unguwa, gobe a kira shi dillali. A Texas inda nake, sai ka yi karatun awa 180, an ɗauki zanen yatsunka, ka ci jarrabawa, kafin TREC, hukumar kula da dillancin gidaje ta jihar, ta ba ka lasisin ƙaramin dillali. Shi ma ba ya aiki sai wani babban dillali ya ɗauke ka a ƙarƙashinsa, kuma duk la'adarka ta hannunsa za ta biyo, ya cire rabonsa. Na babban dillali kuwa, wanda kake hange, sai ka yi shekara 4 kana sana'ar ka'in da na'in.

Ni na bi hanyar, shi ya sa abin ya dame ni. Gaskiya na ji daɗin shiga MLS, rumbun bayanan gidaje na dillalai, ina ganin farashin da aka sayar da kowane gida a layi. Amma kuɗin ƙungiyar dillalai da na rumbun ba sa jira ka yi ciniki, ga sabunta lasisi duk shekara 2. Cikin shekara 3 gida ɗaya tak na saya. Ranar sa hannu, doka ta tilasta mini rubutawa cewa ina da lasisi. Tsohuwar mai gidan ta karanta layin, ta cire tabarau ta dube ni, daga nan ko dala ɗaya ba ta ƙara sassautawa ba. Ɗan abin da ya rage mini na la'ada, gyaran rufi ya cinye shi kafin ɗan haya ya tare.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bizarka. Mai bizar ɗalibai ta F-1, lokacin karatu, awa 20 a mako aka yarje masa, a cikin harabar jami'a. Cin la'ada aiki ne a wajen hukuma, kuma yin sa ba izini kan sa a soke wa ɗalibi izinin zama. Ka tuna da wahalar da Hajiya ta sha wajen haɗa kuɗin makarantar nan.

Idan akwai ɗan abin da ka tara, ka sayi fili a Jos kafin ka taso. Ka je PLAGIS, hukumar kula da takardun filaye ta Jihar Filato, da ƙafarka a duba maka takardun, kada ka tsaya ga rantsuwar dillali, sannan ka zagaye shi da bulo. Ka turo mini ranar isowarka, zan zo filin jirgi in ɗauke ka. Ka gaishe mini da Hajiya.