Asusunka bai mutu ba, barci yake yi

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce banki ya aiko maka cewa asusunka ya zama "dormant", ga shi kana tsakiyar haɗa takardun tahowa karatu Ingila, har gabanka ya faɗi ko kuɗin sun salwanta. Kwantar da hankalinka, suna nan.

Kalmar ta shigo Turanci ne ta Faransanci, tushenta kuwa Latin, "dormire", wato yin barci. Uwa ɗaya suke da "dormitory", ɗakin kwananmu na makarantar kwana. Dutse mai aman wuta da ya daɗe shiru, "dormant" Bature ke ce masa. Wanda ya mutu murus kuwa "extinct". Haka irin da ke kwance cikin ƙasa da rani yana jiran ruwan fari. In ka zo za ka ji suna haɗiye harafin r, "domant" kawai.

A ƙa'idar Babban Bankin Najeriya, asusun da ya yi wata 6 mai shi bai taɓa ba ya zama "inactive", in ya kai shekara 1 ya zama "dormant". Sai ya shekara 10 a haka ake miƙa kuɗin ga Babban Banki ya riƙe, kuma ko a lokacin kana iya neman abinka. Nan Birtaniya dokar 2008 ta ce shekara 15.

Abin da nake so ka ji shi ne, ka tashe shi tun kana gida. Ɗauki katin shaidarka da BVN ka je reshe da ƙafarka, ka cike fom. Idan da asusun za ka nuna kuɗin biza, dole su kwana 28 a jere a ciki, don haka kada ka bari sai ƙurarren lokaci.

Ni na yi sakaci. Shekarata ta biyu a Manchester nawa ya yi barci, layin wayata na gida ma ya mutu, lambar da banki ke turowa ba inda za ta sauka. Imel ba irin wanda ban aika ba, sai da na je hutun Babbar Sallah aka buɗe min cikin wuni guda. Saboda haka ka taho da layinka, ka riƙa sa masa kati, duk wata kuma ka tura wa Umma ko dubu biyu ce daga asusun.