Me ya sa ake tura gunkin Durga cikin kogi bayan biki?

Tambaya: Malam, na ga bidiyon wani biki a Indiya. An ƙawata gunkin wata mace mai hannu goma, ana ta kiɗa da rawa, daga ƙarshe aka kai shi kogi aka tura. Wane biki ne, kuma me ya sa za a sha wahalar gina abu sannan a zubar?

Amsa: Malama, Durga Puja kika gani, babban bikin mabiya addinin Hindu na jihar Bengal ta Yamma. Yana faɗowa tsakanin Satumba da Oktoba, kuma Kolkata ce cibiyarsa. A Disambar 2021 UNESCO ta sa bikin na Kolkata cikin jerin al'adun gado na duniya.

A imaninsu, Durga abar bauta ce da ta hau zaki ta kashe Mahishasura, wani shaiɗani mai rikiɗa ya zama ɓauna. Amma mutanen Bengal ba jarumtarta kaɗai suke gani ba. 'Ya suka ɗauke ta, wadda aka aurar nesa, can dutsen Kailash wurin mijinta Shiva. Sau ɗaya a shekara take zuwa ganin gida da 'ya'yanta huɗu: Lakshmi, Saraswati, Ganesh da Kartik. Amsar tambayarki tana nan.

Gunkin dama ba don ya daɗe aka yi shi ba. Maginan unguwar Kumartuli ta Kolkata kan kafa gora, su naɗe da ciyawa, su yaɓa lakar kogi wadda ba a gasawa. Idanu ne ƙarshen aiki, kuma a al'ada ranar Mahalaya ake zana su, mako guda kafin hidimar ta kankama. Sai limaminsu ya yi karatun gayyatar ruhin Durga ta sauka cikin lakar. A wurinsu masauki ne kawai.

Kwana biyar ake yi. Da asubar rana ta biyu ana kai ƙaramar bishiyar ayaba kogi, haɗe da wasu tsirrai takwas, a wanke ta, a ɗaura mata farin sari mai jan baki. Abin da ya fi kama jikin mutane shi ne Sandhi Puja: minti 48 cif a mahaɗar rana ta uku da ta huɗu, ana kunna fitilu 108, gangar dhak na tashi, hayaƙin turare ya turnuƙe rumfar da aka girke gunkin a ciki. Tsakanin haka kowa na cin khichuri, dafa-dukan shinkafa da wake, a yi ta yawon kallon rumfunan unguwanni har gari ya waye. Gasar rumfunan nan, a ganina, ta fara rinjayar ibadar, don kamfanoni sun shigo da kuɗinsu.

Rana ta biyar, Dashami, ita ce ta sallama. Matan aure kan shafa wa gunkin jan garin sindur, su sa masa alewa a baki, su shafe junansu, wasu har da hawaye. An riga an sallami ruhin da addu'a, saura laka, ita kuma a mayar da ita kogin Hugli inda aka ɗebo ta.

Matsalar yau fenti ne da kayan ado na roba da ke gurɓata ruwan. Shi ya sa a manyan mashigan kogin a Kolkata hukumar birni ke ajiye injinan ɗaga kaya, da zarar gunki ya nutse a tsamo ƙwarangwal ɗinsa a kwashe a mota.